ZANGON TSUNTSU DA MAKULLIN RUWA: ƘAWANCE TSAKANIN GANDAYEN DAJI NA ƘASASHE



Abin da aka nemi in yi magana a kai yau shi ne hulɗar da ke gudana tsakanin gandayen daji na ƙasashe dabam-dabam, watau yadda wani keɓaɓɓen wuri a Nijeriya zai ƙulla abota da wani a Nijar ko Kamaru ko can ƙasar Turai, har su riƙa musayar ilmi da ma'aikata da kuɗi, wani lokaci ma da dabbobi. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da wannan zance, ba ga malaman daji ba? To, kafin mu tashi za a ga inda harshe ya shigo cikin maganar. Amma bari in fara da kalmomi, tun da sana'ata ke nan.

Kalmar gandu a asalinta tana nufin babbar gonar gida, wadda mai gida da ƙannensa da 'ya'yansa suke nomawa tare, a ci daga rumbu ɗaya. Akwai kuma gandun sarki, wanda talakawa kan nome, amma amfanin na fada ne. Da Turawa suka zo suka fara keɓe dazuzzuka, suka sa En'e ta kafa alamun iyaka ta ɗauki malaman daji, sai aka kira abin gandun daji. Wanda ya raɗa wannan suna ya faɗi gaskiya fiye da yadda ya yi niyya, domin talaka da jin an ce gandu ya san akwai mai shi, ya kuma san ba shi ne ba. Alhali kuwa muna da wata kalma da ta fi dacewa, ita ce hurumi, wadda ta fito daga Larabci, tushenta ɗaya da haram da harami. Hurumi shi ne filin da ke gefen gari wanda ba a yarda kowa ya nome ba, an bar shi domin kiwo da itacen wuta da maƙabarta. Na kowa ne, shi ya sa aka hana wa mutum guda. Ko gandu muka ce ko hurumi, duk abu ɗaya ya haɗa su: suna da iyaka, kuma suna nan inda aka ajiye su. Abin da ake son karewa a cikinsu kuwa, shi ba ya zama wuri ɗaya. Daga nan dukkan zancenmu na yau ya taso.

'YAN CIN RANI MASU FUKA-FUKI

Kowane yaro da ya tashi a Tudun Wada ko cikin birnin Zariya ya san shamuwa. Idan ta sauka bisa rimi ta fara jan tsinke, sai manomi ya leƙa rumbu ya duba irinsa, domin damina ta ƙarato. Ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, da kaka a neme ta a rasa. Yau an san inda take zuwa. Kudu take yi, ta haye tsakiyar Afirka har Zambiya da Zimbabwe da Afirka ta Kudu, inda damina ke faɗuwa daidai lokacin da tamu take ɗaukewa. A can ba ta haihuwa, kiwo kawai take yi na fara da tsutsa. Watau gidan aurenta yana wurinmu, wurin cin raninta yana wurinsu. Idan suka zuba mata guba a can, riminmu zai wayi gari ba kowa.

Haka nan akwai waɗanda al'amarinsu ya juya: gidansu Turai, wurin cin raninsu ƙasarmu. Su kan iso da kaka, su koma da bazara. Turawa da kansu sun daɗe ba su san da wannan ba, har ma akwai malamansu na da waɗanda suka rubuta cewa tsattsewa cikin taɓon tafki take nutsewa ta yi barci har sanyi ya wuce. Cikin shekarar 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, sai ga wata doguwar kibiya ta ƙasar Afirka soke a wuyansa. Da ita ya tashi, da ita ya ƙetare hamada da teku. Gawarsa tana nan ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya, cikin 1899, wani malamin makaranta a Danmak mai suna Mortensen ya ƙago dabarar sa wa tsuntsu ɗan zobe mara nauyi a ƙafa, ɗauke da lamba da adireshi, don duk wanda ya tsince shi ya aiko da labari. A zamaninmu har 'yar na'ura ake goya wa tsuntsu, tauraron ɗan'adam ya riƙa faɗin inda ya kwana.

Hanyar da ta fi sauƙi a fahimci rayuwar waɗannan tsuntsaye ita ce a tuna da fataken da. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ya kan yi watanni a hanya, kuma rayuwarsa duka ta rataya ne a kan zango: inda rijiya take, inda jakuna za su yi kiwo, inda mai masauki zai karɓi baƙo. Kome arzikin Kano, kome yawan goron Salaga, idan zango ɗaya ya mutu a tsakani, ayari ya shiga uku. To, tsuntsun da ya baro Ingila ko Finlan ko Rasha falke ne, fadamun da ke bakin hamada ta kudu kuwa su ne zangonsa na farko bayan ya haye Sahara, su ne kuma inda zai yi guzuri, ya tara kitse, kafin ya sake hayewa.

Cikin bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda nauyinsa bai wuce na ƙwayar goro guda ba, da ya saba cika musu shingayen gonaki. A wannan shekara kimanin kashi uku cikin huɗu ba su komo ba. Aka duba gida ba a ga dalili ba. Sai cikin 1974 waɗansu masana suka nuna cewa ƙarancin ruwan sama a ƙasashen bakin hamada, wanda ya soma tun 1968, shi ne ya hallaka su. Farin nan da ya kai ga yunwar 1973, ya ƙarar da shanun Fulani da Buzaye, ashe har a shingayen Ingila an ji shi. Tun daga nan masu son tsuntsaye a Turai suka gane cewa kome kuɗin da suka kashe wajen tsare gandayensu na gida, rabin aiki kawai suka yi. Ba tausayinmu ne ya fara kawo su ba, bukatarsu ce, kuma ni ban ga aibi a nan ba. Abotar da aka gina bisa bukata ta fi wadda aka gina bisa tausayi ƙarko, muddin kowa ya san bukatar ɗan'uwansa.

Dokokin duniya suka biyo baya. Cikin 1971 aka sa hannu a kan yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna a garin Ramsar na ƙasar Iran, cikin 1979 kuma aka yi ta Bon a Jamus domin dabbobi masu ƙaura. Har wa yau akwai gandayen da suka ƙulla ƙawance kai tsaye, kamar yadda hukumar da ke kula da gaɓar tekun Wadden, wadda Holan da Jamus da Danmak suka yi tarayya a kanta, ta yi da gandun Banc d'Arguin na Muritaniya cikin 2014, saboda tsuntsayen da ke kiwo a nan su ne ke kiwo a can. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba, domin muna da namu misalin a gida, wanda ya fi su darasi.

FADAMAR HAƊEJA DA NGURU

Ruwan Kubanni da ke ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari Galma yake faɗawa, Galma ta kai shi kogin Kaduna, daga nan sai Kwara, sai teku. Amma mutum ba zai yi nisa ba a hanyar Kano sai ya shiga ƙasar da ruwanta ke gangarawa gabas, zuwa Tafkin Chadi. Kogin Kano ya ratso dajin Falgore, wanda ke maƙwabtaka da ɗaya Tudun Wadan, ta Jihar Kano, ya haɗu da Challawa, suka zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma ya gangaro daga duwatsun Jos. Da suka isa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi, tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai suka rarrabu suka bazu, suka zama fadama mai faɗin gaske. Abin da ya tsira daga nan shi ne Komadugu Yobe, wanda a ƙarshen tafiyarsa ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa.

Wannan fadama ba daji ba ce da babu kowa. Mutum fiye da miliyan ɗaya ke ci daga gare ta, Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani. Idan ruwa ya cika a shuka shinkafa a kama kifi, idan ya janye a bi danshi da wake da masara da kayan lambu, bayan girbi shanu su shigo, mata kuma su yanki kaba su yi tabarma. Gona ɗaya, amfani uku ko huɗu a shekara. A cikin wannan hada-hada tsuntsayen Turai ke sauka, ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu, su cuɗanya da namu na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. An lissafta iri fiye da 370, kuma ƙidayar da aka yi tsakanin 1995 da 1997 ta sami tsuntsayen ruwa sama da 200,000 kowace shekara.

Cikin 1987 aka kafa shirin kare wannan fadama, da ofishinsa a Nguru. Waɗanda suka haɗa hannu da gwamnatocinmu su ne ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila da ake taƙaita sunanta da RSPB, da wata ta ƙasa da ƙasa wadda yanzu ake kira BirdLife, da gidauniyar NCF ta Legas, da kuma ƙungiyar IUCN mai mazauni a Suwizalan. Cikin 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo da kansa tafkin Dagona a ƙasar Bade ya ga tsuntsaye. Cikin 1991 aka sa wani yanki na fadamar cikin sabon Gandun Ƙasa na Tafkin Chadi, cikin 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga littafin Ramsar, cikin 2020 kuma hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a jerin wuraren da take kula da su. In dai takarda da lambar girma ne, fadamar nan ba ta rasa ba.

Amma abin da nake so ɗalibai su lura da shi shi ne yadda shirin ya sake alƙibla. Baƙin nan da tabarau mai jawo nesa suka zo, suna ƙidayar tsuntsu. Ba su daɗe ba suka gane cewa ba maharbi ne babban abokin gaban tsuntsun ba. Ruwan ne ke ƙarewa. Cikin 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin ba birnin Kano ruwan sha da kuma noman rani a su Kadawa. Cikin 1992 aka gama ta Challawa. Ga kuma fari. Faɗin da ambaliya ke rufewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969 da 1974, bai kai 1,000 ba a farkon shekarun 1990. Saboda haka masu ƙidayar tsuntsu suka kirawo masu auna ruwa da masu lissafin tattalin arziki. Cikin 1991 Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da mudun ruwa guda ke haifarwa idan an bar shi ya isa fadama, ta fuskar hatsi da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da yake haifarwa idan an tare shi an shayar da babbar gonar noman rani ta kogin Kano. Sai ga shi na fadama ya riɓanya na madatsa sau da yawa, alhali ba a ma sa kiwo da cikar rijiyoyi cikin lissafin ba. Cikin 1993 aka tara sakamakon binciken cikin littafi guda, wanda ɗanmu Dokta Muhtari Aminu-Kano yana cikin waɗanda suka shirya shi.

A ganina wannan shi ne mafi girman abin da ƙawancen ya bari, ya fi ziyarar yarima nesa ba kusa ba. Kafin nan, mai noman fadama a Gashuwa ya san ana cutarsa, amma ba shi da alƙaluman da zai ajiye gaban injiniya. Masunci ba ya shiga taron kasafin kuɗi. Tsuntsun Turai ne ya jawo masu lissafi, lissafin kuwa ya zama hujjar talaka. Wannan hujja tana cikin abin da mutanen Yobe da Borno suka riƙa kafawa a jayayyar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda aka fara aka tsaya. Mutanen Bauchi kuma suna da tasu hujjar ta neman ruwan noma, ba kuwa ta banza ba ce.

Daɗin daɗawa, madatsa ba rage ruwa kawai ta yi ba, ta sake masa ɗabi'a. Da can kogi ya kan cika ya yi toroƙo da damina ya share hanyarsa, da rani ya ƙafe ƙaf. Yanzu ana sako shi kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta tsiro ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru, ruwa ya karkata ya bi Marma ya nutsar da gonakin Nguru, waɗansu rassan kuma suka bushe. Wani na kukan ambaliya, maƙwabcinsa na kukan fari, duk a shekara ɗaya. Tsuntsun da ya ci ribar kacala kuwa shi ne jan-baki, wanda ya sami maɓoya a cikinta, yana fitowa dubbai yana cinye shinkafa da gero. Ku dubi wahalar ma'aikacin da aka aika ya gaya wa wannan manomi cewa tsuntsu abin karewa ne.

To, ga inda gizo ke saƙa. RSPB tana iya aiko da masana daga Ingila, amma ba ta da ikon buɗe ƙofar Tiga. Makullin yana hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, da gwamnatocin jihohi, watau hannun irin mutanen da ke zaune cikin wannan ɗaki. Sai cikin 2006, shekara 19 bayan zuwan baƙi, gwamnonin jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, suka hallara a Damaturu suka amince da tsarin raba ruwan, suka kafa asusu domin aikin. Ya zamana ƙulla zumunci tsakanin Nguru da Ingila ya fi sauƙi a kan ƙulla shi tsakanin Kano da Gashuwa. Ban faɗi haka don zargin wani ba. Na nesa ba ya rasa kome idan an saki ruwa, na kusa kuwa daga tulunsa za a ɗiba.

Akwai kuma haɗarin dogara da kuɗin wani. Cikin Nuwamba 1995, bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa, Tarayyar Turai ta dakatar da taimakon raya ƙasa ga Nijeriya, ayyukan da ke rayuwa da wannan kuɗi suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a kan laifin da ba nasu ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Shirin baƙi yana da wa'adi, shekara uku ko biyar, ranar da ya cika mota ta tsaya, kwalekwale ya ruɓe, ma'aikacin da aka horar ya nemi wani aiki. Duk jami'in da zai sa hannu a kan irin wannan yarjejeniya, tambayar farko da ta kamata ya yi ita ce, wa zai sayi mai a shekara ta shida?

MAƘWABTA DA KYAUTAR DABBOBI

Wani irin ƙawancen shi ne na gandaye biyu da ke jingine da juna, iyakar ƙasa ta ratsa tsakaninsu. Amurka da Kanada ne suka fara, cikin 1932, da gandayen Glacier da Waterton. Mafi kusa da mu shi ne gandun W, wanda aka sa wa sunan wannan harafi saboda yadda kogin Kwara ya yi lanƙwasa a wurin. Faransawa suka mai da shi gandun ƙasa cikin 1954, lokacin duk yankin yana hannunsu, da aka sami mulkin kai sai ya rabu uku tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso. Giwa ba ta san an raba ba, maharbi kuwa ya sani sarai: ya yi ɓarna a wannan ƙasa ya tsallaka waccan, ma'aikaci ya bi shi zuwa bakin iyaka ya tsaya yana kallo. Daga 2001, da kuɗin Tarayyar Turai, ƙasashen uku suka fara aiki tare, cikin 2017 kuma UNESCO ta haɗa W da Arly da Pendjari ta sa su cikin kayan gadon duniya a matsayin abu guda. Nan ne garken giwaye mafi girma a Afirka ta Yamma yake. Binciken da aka buga cikin 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka kimanin 400 ne, mafi yawansu a wannan daji, 'yan kaɗan a Kainji da Yankari.

Abin baƙin ciki, daji mai faɗi da ba kowa a ciki ba giwa kaɗai yake yi wa daɗi ba. Masu ɗauke da makamai sun shige shi, cikin Fabrairu 2022 nakiyoyi suka kashe mutum tara a ɓangaren Benin, galibinsu ma'aikatan gandun. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville. Mu mutanen Jihar Kaduna ba ma bukatar a yi mana dogon bayani, mun ga abin da ya sami Kamuku a ƙasar Birnin Gwari. Kuma tsofaffi a Maraɗi da Damagaram suna tune da yunwar 1984, wadda suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. A shekarar nan shamuwa ta wuce abinta, buhun gero ne aka tare.

Game da musayar dabbobi, misali biyu sun isa. Cikin 2006 Namibiya ta ba Jihar Bauchi kyautar dabbobi sama da 270, har da jakunan dawa da raƙuman dawa, aka zuba su a dajin Sumu. Kyauta ce ta zumunci, kuma yara sun sami abin kallo. Amma jakin dawa bai taɓa zama ɗan ƙasar Bauchi ba, raƙumin dawan Namibiya kuma jinsinsa dabam da namu. Wannan gidan kallo ne mai faɗi, kada mu kira shi mai da abin da ya ɓata. Na biyun ya faru ne a Nijar. Raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda da suke yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, sun ragu har saura 49 cikin 1996, duk a yankin Kure, gabas da Yamai, cikin gonakin mutane. Aka tsare su tare da mutanen ƙauyukan, har suka haura 600. Cikin Nuwamba 2018 gwamnatin Nijar da ƙungiyoyin waje suka ɗauki takwas cikin manyan motoci, tafiyar kilomita 800, suka kai su gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya ba. Cikin masu wannan aiki har da ƙwararrun kamun dabbobi daga kudancin Afirka. Ga ilmin baƙo, ga dabbar gida, ga ƙasar kakanninta.

INDA HARSHE YA SHIGO

Na yi alkawari zan komo kan harshe. Manyan makarantun horar da ma'aikatan namun daji a Afirka biyu ne aka kafa bayan mulkin kai: ta Mweka a Tanzaniya cikin 1963 domin masu Ingilishi, da ta Garwa a Kamaru cikin 1970 domin masu Faransanci. Garwa tana bakin kogin Binuwai, kusa da Yola. Amma tsarin ya sa ɗan Nijeriya ya tsallake ta ya tafi gindin dutsen Kilimanjaro, takwaransa na Nijar ya tafi Garwa, su komo kowa da littafinsa da kalmominsa. Idan aka kira taro a Yamai ko Abuja sai an ɗauko tafinta, a yi ta juya Ingilishi zuwa Faransanci. Da an fita shan iska kuwa, sai ka ji su biyun suna taɗi da Hausa, kuma sau da yawa a nan ne ake fahimtar juna. Hukumar Tafkin Chadi tana nan tun 1964, hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar tun 1971, harshen da ya haɗa makiyayi da masunci da maharbi da ɗan kasuwa a gefe biyu na iyakar kuwa an bar shi a bakin ƙofa.

Ga misalin abin da wannan ke jawowa. Akwai wata farar ungulu mai rawayar fuska da ta kusa ƙarewa a kudu maso gabashin Turai. Cikin 2013 aka goya wa wani ɗanta na'ura a gandun Dadia na ƙasar Girka, aka sa masa suna Paschalis. Ya haye teku, ya haye hamada, ya sauka cin rani a kudancin Nijar. Cikin Fabrairu 2014 wani maharbi daga Nijeriya ya kashe shi, domin akwai masu sayen sassan ungulu saboda tsibbu. Girkawa sun yi shekaru suna gadin sheƙar, harbi ɗaya ya rushe aikin. Da aka tashi gyara, daga 2017, sai da shirin ya haɗa ƙasashe 14 na kan hanyar tsuntsun, har da Nijar da Nijeriya, da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jos, kuma aikin da aka yi a wajenmu shi ne zama da maharba da masu maganin gargajiya a kasuwanni, a nemi ganye ko saiwar da za ta maye gurbin ungulu. Wannan zama ba ya yiwuwa da Girkanci ko Ingilishi. Sai wanda ya san yadda ake gaida sarkin baka, ya san abin da ake faɗa gabansa da wanda ake bari sai an saba.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori biyu na masu saurarona. Ɗaliban Hausa da ke neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, sunayen tsuntsaye da kifaye da ciyayin fadama suna bakin tsofaffin masunta da maharba na Baturiya da Dagona da Gadabeji, tare da sanin lokacin zuwan kowanne da abin da yake ci, kuma kowace shekara ana binne waɗansu daga cikin masu wannan sani. A je da na'urar ɗaukar magana, a tafi da ɗalibin kimiyyar dabbobi guda daga Samaru, don a haɗa sunan Hausa da na Latin a shafi ɗaya. Ma'aikata kuma, cikin 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da Falgore da fadamar Haɗeja da dajin Kogo na Katsina gandayen ƙasa. Falgore tana saman Tiga, fadamar Haɗeja tana ƙasanta, kogi ɗaya ne ya ratsa su. Duk takardar da za a rubuta a kan iyakokinsu, da burtalin shanu, da ranar sakin ruwa, a fitar da ita da Hausa, boko da ajami, a karanta ta a ƙofar dagatai kafin a sa hannu, a kuma aika da kwafi Diffa, domin ragowar ruwan can yake zuwa.